Katakon da Na Cire a Banɗaki

Tayil ɗin nan shuɗi maigidana ne ya saye shi, Allah Ya jiƙansa. Bai kai ga sa shi a banɗaki ba ya rasu, kwalayen suka yi shekara huɗu a ƙarƙashin gadona. Na san irinsa ya ƙare a kasuwa, don haka ranar da na kira mai sa tayil, wani dattijo ɗan Gyallesu, idona na kansa tun daga ƙofa. Mai fenti ya taɓa yi mini awon gaba da rabin bokiti, ban manta ba.

Dattijon ba ya magana, kuma ni mutum marar magana ba ya kwanta mini. Ya yi ta awo, ya ja layi a bango, sai ya ɗauko wani dogon katako siriri ya buga shi da ƙusa, kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa. A kan katakon ya fara jera tayil, ya bar ƙasa fayau.

Na ce, "Baba, wa ke fara gini daga sama? Na ƙasan fa?"

Ya ce, "Sai gobe, Malama."

Gobe! Nan take na gama lissafina: zai shafe wurin da siminti, ya zuba layi guda a buhunsa. Shekara ashirin ina koyarwa, na san fuskar mai shirin rashin gaskiya, ko dai haka na ɗauka.

Ranar Juma'a ce. Yana fita masallaci na leƙa buhunsa, ba komai sai guduma da igiya. Maimakon in ji kunya, sai na ce to dabarar tana bayan katakon. Na sa gudumarsa na ɓamɓare shi.

Simintin bai bushe ba. Ina tsaye layi uku suka zamo a hankali, sannan suka zube gaba ɗaya. Ƙarar fashewarsu har yau tana kunnena. Na durƙusa ina tsintar gutsattsarin, ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Da ya dawo ya daɗe yana kallon bangon. Na shirya faɗa, amma bai ba ni dama ba. Ruwa ya ɗebo a buta ya zuba a ƙasa, ruwan ya gangara wajen magudana.

"Kin gani? Ƙasan a karkace take, don ruwa ya wuce. In na fara daga nan, bangon duka zai karkace. Katakon ne ke riƙe da su har su kama. Na ƙasan sai an yanka kowanne daidai wurinsa." Ya ajiye butar. "Mai gidan nan ya iya awo. Da tayil ɗin ya isa cif."

Yanzu kuwa bai isa ba. Na zaga shagunan Tudun Wada da Kongo, na hau keke har Sabon Gari, babu shuɗin. Fari na samo.

Dattijon bai gaya wa kowa ba, ko maƙwabciyata da ta kawo mini shi. Ya tattara fararen ya jera su a bangon bayan ƙofa, inda baƙo ba zai gani ba in ya leƙo. Sai wanda ya shiga ya rufe ƙofa. Ni kuwa kullum sai na shiga na rufe.