Filin da Baba Yake Bar wa Barewa

Ranar wata Asabar cikin damina, a shekarar da aka fara laluben mutane a ƙofar masallacin Juma'a, ina tsugune a tsakar gidanmu na Tumfure ina wanke-wanke, sai na ji sallamar 'yan sintirin unguwa. Sun zo da mai unguwa, ga Malam Buba maƙwabcinmu a gaba, mutumin da ko kazarmu ce ta shiga gonarsa sai ya binciki wanda ya aiko ta. Baba suke nema, shi da kyamararsa.

Baba mai hoto ne. Yana da ɗan shago a Jekadafari inda yake ɗaukar fasfo da hoton biki, amma ransa na daji, don a bayan shanu ya tashi. Duk Asabar da asuba sai ya rataya jaka, ya ratsa gonakin dawa, ya gangara kwarin da barewa ke saukowa shan ruwa. Ya dawo wando jiƙe da raɓa, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa yana gyara, ya rage haske nan, ya yanke gefen da baƙar leda ta maƙale a ƙaya can. Kullum a gefe yake ajiye barewar, gabanta fili fetal. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Dabba ce mai tsoro. In ba ki bar mata wurin gudu ba, mai kallo ma sai ya ji ƙunci."

To, lokaci ne da kowa ke tsoron kowa. Mutum ya fita da duhu da jaka, ya dawo ko itace bai riƙo ba, ai dole a yi magana. A makaranta ƙawayen da muke 'yar gala-gala suka fara janye jiki, wata ta ce wai ubana yana kai wa mutanen daji labari. Har Inna, mahaifiyata, na taɓa tarar da ita tana laluben jakar. Da muka haɗa ido ta ce allura take nema.

Ranar da 'yan sintirin suka zo, aka shimfiɗa tabarma a zaure, Baba ya yi ta buɗe hotunan. Ni kuwa ina bayan ƙyaure ina ta addu'a, domin ko yaro ya san wanda aka miƙa wa hukuma a kwanakin nan ba a sa ranar dawowarsa. Malam Buba ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan filin.

"Malam Sale, da ka ɗauke ni fasfo a tsakiya ka sa ni. Me ya kai dabbar nan gefe? Ga hanya, ga tudu, su ne a tsakiya. Su kake ɗauka."

Baba ya maimaita musu abin da ya faɗa mini, cewa wurin gudu ne. Wani cikin 'yan sintirin ya ce, "Gudun wa?"

Mai unguwa ne ya raba gardamar, da yake ya san kakana. Ya ce Baba ya daina zuwa kwari, kuma duk inda hanya ta fito a hoto a cire ta. A gabansu Baba ya zauna yana yankewa, hoto bayan hoto, har sai da dabbar kaɗai ta rage. Malam Buba har da cewa ai yanzu suka yi kyau. Ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba. Baba ya kwana a gida, amma bai sake rataya jakar ba har ya rasu.

Yanzu tsoron ya lafa, kwarin kuwa an cike shi da bulo, keke na sauke fasinja inda barewa ke shan ruwa. Hoto ɗaya na gada daga Baba, yana rataye a ɗakina, hancin barewar na taɓa katakon da ya kewaye ta. Duk sanda na kalle ta, sai in ji kamar in matsa mata.