Gaisuwar Kawu da Jiragena Biyu

A ɗakin da nake ajiye masara a da, nan Kiru, na shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan katako, da jiragen ƙasa na wasa guda biyu. Aka ce na girmi wannan. Na ƙyale masu faɗa.

Tsohuwar na'urata ta sarrafa su, da na murɗa ta sai duka biyun su tashi tare, ni kuwa so nake kowane jirgi ya ji nasa umarnin. Mai shago a Kano ya nuna mini iri biyu: ta wayar salula, da ta hannu mai abin murɗawa. Ya dage sai ta waya, wai ita ake yayi. Na ɗauko.

Jirage na tsaka da gudu kawuna ya kira daga Tudun Wada. Ba a katse wa Kawu waya, gaisuwarsa kuma sai ta kai kan awaki. Wayar da zan tsayar da jiragen da ita tana kunnena, ina "lafiya lau, Kawu" ina kallo suka gwabza karo, tarago ya wuntsila ƙasa.

Washegari na mayar, na karɓo ta hannu. Mai shagon ya ce na koma baya. Na ce masa shi ba shi da kawu.

Ranar Juma'a Kawu ya sake kira. Waya a kunne, na'ura a hannu, na tsayar da ɗaya a tasha, ɗayan ya wuce sumul. Kawu ya ce, ya aiki?

"Da godiya, Kawu," na ce. Ban taɓa faɗarta har cikin zuciya irin na ranar ba.