Wanda Littafi Ya Ce Babu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, a ƙarshen kaka, bayan an gama ɗaure gero. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai aiki ya sha kaina, don ni ungozoma ce a Tasawa, jarirai kuwa ba su san ranar hutu ba. Bana dai na zauna. Wani layi da na bi makon jiya ne ya zaunar da ni, zan kuma zo kansa.

Mahaifina maginin rijiya ne. Daga ƙauyenmu da ke arewa da Mayahi har zuwa wajen Kona, akwai garuruwan da har yau ruwan hannunsa suke sha. Kowa Nomau yake ce masa, don da damina aka haife shi ana tsakiyar noma. Sunansa na yanka Haruna, amma sunan ya zama kamar rigar salla da ke ƙasan akwati, an san tana nan, ba a dai ganinta. Mutum ne mai yawan ba'a, mai ƙarancin fushi. Idan ya gama rijiya yakan danna tafin hannunsa a kan ɗanyen simintin bakinta, ya ce ga sa hannunsa nan tunda shi bai yi lakkol ba, wato makarantar boko.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, tana tare da mu a gida. Shi ne ɗan farinta, kuma irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kiran sunansa, ko na yanka ko lakabin. Ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Idan tana son a kira shi sai ta ce, a ce wa wancan tuwo zai huce. Muna yara mun ɗauka ba ta son shi. Sai da na yi wayo na lura cewa duk ranar da Baba ya shiga rijiya mai zurfi a kusa da gari, akuyar Kaka takan ɓata, kuma kullum ta wajen rijiyar take zuwa nemanta.

Shekarar da na ci jarrabawar shiga makarantar koyon ungozoma a Maraɗi, aka ce cikin takardun da zan kai har da shaidar zama 'yar ƙasa, ita kuma ba ta fita sai da takardar haihuwar uba. Baba ba shi da ko ƙyalle. An ba ni kwana goma sha biyu, in takarduna ba su cika ba a bai wa wani gurbina. A ƙauyenmu babu 'ya mace da ta taɓa kai wa nan, don haka ba ni kaɗai nake ɗauke da abin ba.

Muka je biron, wato ofishin da ake irin wannan aiki, ba zan faɗi na wane gari ba. Ma'aikacin saurayi ne mai tsabta da natsuwa, ya ba Baba kujera, ya aika aka ɗauko tsohon littafin ƙidayar iyalai na yankinmu. Ya bi da yatsa har ya sami gidan kakana Mamman. Ya sami Haruna. Sai ya juyo mini da littafin don in karanta da kaina. An ja layi a kan sunan, an rubuta a gefe da Faransanci cewa yaron ya rasu yana da kamar shekara bakwai.

Na fassara wa Baba. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe shi ya sa ba a taɓa zuwa kama shi lakkol ba. Mu duka mun ɗauka kakana Mamman ne ya yi dabarar, don a zamaninsu iyaye har a rumbu suke ɓoye yara idan masu ɗaukar 'yan lakkol sun zo. Ma'aikacin bai yi dariya ba. Ya ce yaron da ya mutu yana shekara bakwai ba ya haihuwar 'ya, saboda haka ko littafin ya yi kuskure, ko kuma wanda ke zaune gabansa ba Haruna ba ne, kuma shi ba zai rubuta abin da bai tabbatar ba.

Baba ya kira shi yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ce, "Mushe, ga ni gabanka. In kana so ka mintsine ni ka ji."

Ya ce, "Baba, mutum kam na gani. Haruna ne ban gani ba."

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Yanzu da ni ma nake cika takardu, na san yana da gaskiyarsa, don an sha zuwa da mai rai a karɓi takarda da sunan mamaci saboda gona. Amma a lokacin ji nake kamar in kifa masa teburin.

Sau uku muka koma. Baba ya nuna masa tsagen fuskarsa, ma'aikacin ya ce wannan dangi ya nuna, bai nuna mutum ba. Baba ya ce masa ya zo ya ga tafin hannunsa a bakin rijiyoyi, ya gwada ya gani, ma'aikacin ya ce ya yarda hannun nasa ne, amma hannu ba ya ɗauke da suna. Muka kawo abokan aikinsa biyu, Musa da Bulus, waɗanda suka shekara talatin suna riƙe masa igiya. Aka tambaye su sunansa, suka haɗa baki suka ce Nomau. Suka ƙara ɓata mana lamari, suka fito suna zargin juna.

A zuwa na ukun ne Baba ya gyara zama ya ce, "To kai hwa, Mushe, mi ya nuna kai ne kai?" Ma'aikacin ya zaro katinsa daga aljihu. Baba ya tambaye shi wa ya rubuta, ya ce hukuma. Ya tambaye shi wa ya gaya wa hukuma, ya ce mahaifinsa ne ya je ya faɗa ranar da aka haife shi. Baba ya ce ashe duk tafiyar ɗaya ce, ma'aikacin bakin wani ya rayar da shi, shi Baba kuma bakin wani ya kashe shi, babu wanda ya shaidi kansa a cikinsu. Saurayin ya yi murmushi, ya ce haka ne, shi ya sa yake son bakin da ya ga haihuwar. Ya tambaya ko akwai wanda ya rage.

Akwai, mutum ɗaya, Kaka. Baba ya ce babu. A hanya na tare shi ina kuka, ya ce mini shi ba zai tsayar da tsohuwar nan gaban yaro a sa ta faɗi abin da ta shekara kusan sittin tana riƙewa ba. Ya ce in yi haƙuri, wata shekarar a sake dabara. Ni na san babu wata shekara. Ranar ce kaɗai na taɓa ɗaga masa murya, kuma har yau abin yana damuna.

Saura kwana uku na sami Kaka da hantsi tana ɓarzar gyaɗa, na zauna na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ɓarzarta. Da na kai wurin layin da aka ja a kan sunan, hannunta ya tsaya. Washegari da sassafe muka fito muka tarar da ita zaune a kan amalanke da mayafinta na unguwa, tana faɗan an bar ta tana jira.

A biron aka ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Baba ya tsaya can bakin ƙofa yana kallon waje. Ma'aikacin ya gaishe ta da ladabi, ya nuna Baba ya ce, "Inna, wannan ɗanki ne?" Ta kau da kai wajen bango ta ce ɗan mutanen gidansu ne. Ma'aikacin ya ce mata ya san kunya, shi ma kakarsa haka take, amma ba zai iya rubuta ɗan mutanen gida a takarda ba. Ya fara rufe littafin.

Sai ta fara magana, har yanzu da bango take yi. Ta ce ba maigidanta ne ya ɓoye yaron ba, yana ci-rani a shekarar. Ta ce wani malamin ƙidaya ya zo, baƙo ne daga nesa, Hausarsa ba ta nuna ba. Ya tara gidan a zaure, surukinta na zaune, surukarta na zaune, ya dube ta a gabansu ya ce ina ɗanta Haruna. Ta ce ita kuwa ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta sunkuya ta ce, babu. Nufinta ba ruwanta, a tambayi masu shi. Yaron ma yana bayan gida yana kiwon awaki. Ta ga mutumin ya ce Allah ya jiƙansa ya ja layi, ta gane abin da ya fahimta, amma gyarawa na nufin ta buɗe baki ta ce ɗanta ne kuma yana raye, sai ta yi shiru. Surukan nata kunnensu ya yi nauyi, ba su ji ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ce, "Da bakina aka kashe shi. To rubuta, ɗana ne, na hwari." Sannan a hankali, kamar mai taka ƙaya, ta ce, "Haruna."

Daga bakin ƙofa Baba ya ce, "Na'am."

Ba shiri ya yi ba, fita kawai ta yi. Dattijo mai furfura, ya amsa da irin muryar yaron da aka kira daga wasa. Bai juyo ba, ita ma ba ta juyo ba. Ma'aikacin ya sunkuyar da kai ya daɗe yana gyara takardun da ba su bukatar gyara, sannan ya ɗauki alƙalami. Daga baya ya ce mini shaidar uwa ce doka ta karɓa, amma shi amsar ce ta gamsar da shi, don ya ga masu ƙarya da yawa, bai taɓa ganin wanda ya iya ƙirƙiro wannan ba. Shi da kansa ya kai takardar gaban alƙali, ta fito ana gobe rufewa.

A hanyar komawa, da muka hango gari, Kaka ta ce a ce wa wancan ya daina dukan jakin. Ba ta sake kiran sunan ba har ta koma ga Allah, shekara biyu bayan rasuwar Baba. Amma ranar da ya rasu, wata mai gaisuwa ta shigo tana cewa ashe Nomau babu, Kaka ta ɗago ta ce kada a ƙara faɗin kalmar nan a gidan, a ce ya riga mu.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zamanin yau. Yanzu na'ura ake ɗora wa yatsa ta faɗi ko kai wane ne. Shi da siminti da igiya suka cinye zanen yatsunsa tas, na tabbata na'urar ma cewa za ta yi babu shi, kuma na tabbata zai yi dariya ya ce a kira tsohuwa. Ta wani gefen zai ji daɗi. A ɗakin haihuwarmu ba jaririn da ke fita ba a rubuta shi ba, kuma idan mai haihuwar fari ta sunkuyar da kai ta ƙi amsa tambaya, ba na rubuta abin da na ga dama, nakan kori kowa daga ɗakin in tambaye ta mu biyu. Abokan aikina suna cewa na cika naci. Ban taɓa ba su labarin dalili ba.

Rijiyoyinsa wasu sun ƙafe, wasu an kafa famfo kusa da su an manta da su. Bara na bi ta ɗaya a hanyar Kona, na tarar igiyoyin guga sun goge tafin hannun, saura yatsa biyu. Takardar da muka sha wahala a kanta tana cikin akwatina, ta yi ja, kuma ban ga ta ƙara masa komai ba, don bai sake amfani da ita ba ko sau ɗaya. Ni ta yi wa amfani. Shi abin da ya samu a ranar ba a takarda yake ba, kuma ya taɓa gaya mini, yana gyaran igiya bai dube ni ba, cewa da ma'aikacin nan ya yarda da shi tun zuwan farko da ya cuce shi.

Na ce zan zo kan layin makon jiya. Ɗana na fari sunan Baba aka sa masa, muna ce masa Abba. Kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta sunan uba, kuma duk bokona shekara goma sha takwas ban taɓa furta sunan yaron nan ba. Ban ma lura ba, haka kawai na tashi na ga ina yi. Na raka shi karɓar katin shaidarsa, ya bar ni a layi ya koma gindin bishiya wurin abokansa. Da aka zo kanmu, yarinyar da ke rubutu ta ce, Hajiya, wa ake yi wa, kira shi. Na buɗe baki in ce Abba, sai na tuna da tsohuwa zaune a ƙasa tana kallon bango.

Na juya wajen bishiyar, a gaban mutane, na ce Haruna. Ya ɗago a firgice yana neman wanda ya kira shi, sai ya ga ni ce. Ya ce na'am, ya taso.