Norris Mai Kifi da Ƙofar Baya

Duk wanda ya taɓa sayen kifi da soyayyen dankali a ƙasan layinmu ya san Norris Pickup. Gajere ne mai tumbi, muryarsa kuwa ta fi jikinsa girma. A shagon kifin aka haife shi, a nan ya yi furfura. Ko turare ya fesa, ƙarnin kifi ne ke fara yi masa sallama.

Buri ɗaya ne da shi a duniya. Ƙungiyar wasan kwaikwayon garinmu takan yi wasa a zauren coci duk hunturu, wanda suka fi so kuwa shi ne tsohon wasan nan na jarumin da ya kashe sarkinsa don ya gaje kujera. Norris jarumin yake son zama. Amma tun yana saurayi ba a taɓa ba shi komai ba sai sojan da ake sokewa da wuri, ya kwanta a ƙasa har a ja labule. Gawa dai ya iya ta, ba a yi masa ƙarya.

Jarumin kuwa kullum Alwyn Tordoff ne, tsohon malamin makaranta, dogo, mai kambin kwali da matarsa Edna ta manna masa takardar gwal. Alwyn ba ya iya jin kuskure ya yi shiru. Ko limamin coci ya yi tuntuɓen harshe, sai ya gyara masa.

To 'yan wasa suna da camfi: ba a kiran sunan wannan wasan a cikin zaure, wai yana jawo masifa. Wanda ya kira, sai a fitar da shi ta ƙofar baya, ya yi juyi, ya tofa yawu, ya ƙwanƙwasa har a buɗe masa. Ƙofar bayan zauren cocin kuwa kan matakalar ƙarfe take.

Wata Asabar da rana ana gwajin wasa, ƙanƙara ta daskare ko'ina. Norris ya matso kusa da Alwyn, ya kira wasan da wani suna na ƙarya, da gangan.

"Kai, mai kifi," in ji Alwyn, "shekara nawa kana mutuwa a cikin wasa ba ka san sunansa ba?" Sai ya ɗaga murya ya faɗi sunan na gaskiya, tiryan-tiryan.

"Ya faɗa! Malam ya faɗa!" Norris har da tsalle. "Waje, ranka ya daɗe. Doka ba ta san kambi ba."

Aka yi ta dariya, tsoho ya fita da 'yar rigar wasa. Norris ya danna sakata, ya jingina bayansa da ƙofa. Can aka ji ƙwanƙwasa.

"Wa ke nan? Mun tashi, kifi ya ƙare!"

Aka sake ƙwanƙwasawa, da ƙarfi. Edna tana can tana dafa shayi ta leƙo ta ce, "Norris, buɗe masa mana, sanyi ake yi."

"Bari mura ta ɗan gaishe shi," in ji Norris. Murar yake so, mura mai toshe murya har ranar wasa.

Sai ƙwanƙwasa ta tsaya. Da aka buɗe, santsin ƙanƙara ya kwashe Alwyn, yana ƙasan matakala, ƙugu a karye. Bai fito daga asibiti da rai ba. Kowa ya ce tsautsayi ne, Norris ma ya kai fure mafi girma wurin binnewa, ya kuma karɓi kambi kafin furen ya bushe.

Daga nan ya fara ramewa. In mai saye ya ƙwanƙwasa kantar shago da 'yan yatsu, sai cokali ya faɗi daga hannunsa cikin mai. Amma bai mayar da kambin ba.

Ranar wasa, zaure ya cika, ana jiran ɗaga labule. Edna ta kawo masa shayi, ta gyara masa kambin a ka, ta ce a hankali, "Ya yi maka yawa. Norris, me mijina ya yi ne ranar har ka kore shi?"

"Ni ban kore shi ba, Edna! Shi ne da bakinsa ya ce..." Sai ya faɗi sunan, kowa yana ji.

Edna ta buɗe ƙofar baya. "Doka ba ta san kambi ba," in ji ta. Ya fita, ta danna sakata, ta tsaya tana jira.

Gaskiya za a faɗa, da ya ƙwanƙwasa da ta buɗe. Norris ya yi juyi, ya tofa yawu, ya ɗaga hannu. Ya dubi ƙasan matakala. Hannun ya ƙi sauka kan katako. Yana tsaye a wurin ya ji an ɗaga labule, ya ji wani ma'aikacin gidan waya yana karanto maganganun jarumi daga takarda a madadinsa, ya ji tafi.

Yanzu ya sayar da shago, ya cire ƙarfen ƙwanƙwasa daga ƙofar gidansa, yana zaune shi kaɗai da kambin kwali a kan talabijin. Maƙwabcinsa na jikin bango, wani marar kirki da ba za a kira sunansa ba, yakan ɗan buga bangon da tsintsiya lokacin shan shayi, don ya ji ƙarar faɗuwar kofi daga hannun Norris.