Ragona da Wuƙar Suruki

Ragon nawa ne. Da wannan zan fara, domin masu ba da labarin nan a yanzu sukan tsallake shi. A kasuwar Assakio na sayo shi yana ɗan mitsitsi, ƙafafu kamar sillen kara, na riƙo shi a cinya cikin motar doya har garin Lafiya. Ya ci ɓawon doya, ya ci dusa da kanwa, ya ci harawar da nake ɓoyewa a saman rumfa. Da ya girma, in ya tsaya a tsakar gidanmu na Akurba sai ka ce ɗan maraƙi. A lokacin Akurba bakin gari ce, bayan danganmu gonakin rogo ne.

A shekarar da soja suka canja kuɗi, 'yata ta fari ta dawo gida goyon ciki. Maigidana ya riga ya rasu, babu babban namiji a gidan. Mijinta kuwa, to, namiji ne, tunda haka Allah ya halicce shi. Ya yi kamasho a tashar mota, ya yi gyaran rediyo, ya sayar da maganin ɓera. Kowace sana'a da kayan adonta yake farawa, kafin ya iya ta ya gaji. Na san ba shi da ragon suna, ba kuma zai samu ba. Sai na ce a raina nawa zai rufa wa yarinyar asiri.

Ban faɗa masa da bakina ba, don ba na magana da shi. Mijin 'yar fari ne. Haka aka raine mu: ya durƙusa daga bayan zana ya ce, “Inna, ina kwana,” ni kuma in amsa ina kallon bango. Ko sunansa ba na kamawa.

Wata rana yarinyar ta ce mini ya shiga maƙera. Na ce ƙira? Wa ya gada? Ashe wani tsohon maƙeri ne a gefen kasuwa ya bar shi yana ja masa zugazugi, don hannun tsohon ya fara gajiya. Wata bai zagayo ba, sai ga saƙo: wuƙar farko da zai ƙera, da ita za a yanka ragon ɗansa na farko, kuma shi zai yanka da hannunsa.

Ku ji yadda ya fara. Tun bai sa ƙarfe a wuta ba ya tafi wajen dukawa aka ɗinka masa kube. Jar fata, da koren zare, da tuntu yana lilo. Siriri, don wai siririn ya fi kyau a ƙugu. Sannan ya samo guntun sifirin mota ya yi ta duka. Abin da ya fito ba wuƙa ba, ba hauya ba, faɗinsa kamar ganyen gwaza. Ya kai bakin kube, ya ƙi shiga.

Mai hankali da sai ya sake kube. Shi sai ya ari magagari ya zo zaurenmu ya zauna, inda matarsa za ta ji yana aiki, ya kama cin ƙarfen. Ƙarr, ƙarr, tun hantsi har la'asar. Ya gwada, ya ƙi, ya koma gogewa. Ya ci baki, ya ci gadon baya, har wutsiyar da ke shiga cikin ƙota bai bari ba. Maƙwabciyata, wata 'yar Eggon mai suyar gari, ta leƙo ta kan danga ta ce, “Mama, wannan surukinka, wuƙa yake yi ko allura?” Na ce ta tambayi mai shi.

Ranar da wuƙar ta kusa shiga kube, ina kallo ta ɓular zana. Ya ɗauko doya ɗaya daga cikin nawa ya soka. Tsinin ya lanƙwashe. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ɗora a gwiwa ya miƙe shi da hannu, kamar mai gyara cokali.

A ranar, tuwo bai shiga bakina ba. Duk wanda ya tashi a gidan musulmi ya san in wuƙa ta gaza a tsakiyar wuya, aka ɗaga hannu ana neman wata, dabba ta sha azaba, naman kuma ya tashi mushe. Ragon da na riƙo a cinya, a ja shi a yar bayan gari. Jikana na fari a ce da mushe aka yi masa suna, maganar ta bi uwarsa har tsufanta.

Na yi wa yarinyar magana, ta ce, “Inna, ki bar shi, ransa zai ɓaci.” To. Sai na je turke na tsaya a kan ragon, na ɗaga murya yadda zaure zai ji. Na ce, “Kai dai ka ci dusarka, bawan Allah. Doya ma da ba ta da ƙashi ta fi ƙarfin wani abu, bare kai.”

Can daga zaure sai na ji surukina ya ce wa bango, “A gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. Ƙarfen Jamus ne.”

Ya tsoma wuƙar a ruwa, ya cusa a kube da danshinta, ya bubbuga da tafin hannu har ta nutse. Ya rantse ido ba zai sake ganinta ba sai ranar suna. Tsakiyar damina ce, ruwa safe da yamma. Haka ya rataya ta a ƙugu yana yawo da ita, kasuwa, masallaci, tasha, ruwa na dukansa, tuntu na lilo, mutane na ce masa maƙeri yana amsawa.

Allah ya sauki yarinyar lafiya, ɗa namiji. Na aika aka kira mahaucin unguwa na ce ya zo fiɗa, ya zo da wuƙaƙensa duka, ya tsaya kusa.

Ya ce, “Inna, ai fiɗa sai bayan yanka.”

Na ce, “Kusa na ce maka.”

Safiyar suna an kwana ana ruwa, ƙofar gida duk caɓi. Aka raba goro, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya. Ni da kaina na kwance ragon na miƙa igiyar, na laɓe bayan ƙyauren zaure. Aka haƙa rami, aka kayar da shi, aka fuskantar da shi alƙibla. Bai yi ko kuka ba.

Sai ga surukina cikin babbar rigar aro. Ya naɗe hannu, ya ɗaga kuben sama don kowa ya gani. Ya ja. Shiru. Ya sake ja. Ya matse kuben a tsakanin gwiwoyi ya yi nishi. Tsatsa da jiƙaƙƙiyar fata sun riga sun zama abu guda. Wani ya riƙe masa gindin kuben, shi ya kama ƙota da hannu biyu ya fizga. Ƙotar ta taho, ƙarfen ya zauna. Shi kuma ya tafi da baya ya zauna daram cikin caɓi, da rigar mutane, da guntun itace a hannu.

Mahaucin ya ce, “Maƙeri, da ƙotar za ka yanka, ko mu jira ta huce ta fito?”

Dariya ta ɓarke har cikin mata. Liman bai yi ba. Ya ce dabba na kwance tana wahala, ya miƙa wa mahaucin hannu. Wuƙar mahaucin ta riga ta fito. Bisimilla, ja ɗaya, an gama. Na jingina da bango na yi hamdala.

Tsohon maƙerin yana wurin. Ya ce a kawo a farke kuben a ciro ƙarfen, ko a samu na yankan kuɓewa. Surukina ya rungume abinsa ya ce ba mai taɓa masa ɗinki. Ya mayar da ƙotar ya liƙe da ƙaro. Shekara da shekaru yana rataya ta ranar salla, wanda bai sani ba ya ɗauka akwai abin tsoro a ciki. Ƙirar kuwa, ba a fara haƙar doya ba ya bar ta, ya koma gyaran agogo. Akwatin gilashi ya fara saya.

Naman ya zaga unguwa, halal, kowa ya ci. Fatar ta ungozoma ce, amma na roƙe ta ta bar mini, aka jeme. Ita ce buzun da nake salla a kai har yau.