Goɗiya Mai Shuɗin Ƙyalle

Tun hantsi wani tsoho yake tsaye kusa da rumfar da nake sayar da cuku a kasuwar garinmu Khovd. Ban san shi ba. Rigarsa ta koɗe, leɓɓansa sun tsage. Yana riƙe da wata ramammiyar goɗiya, sai tangaɗi take yi kamar mashayi. A wuyanta akwai shuɗin ƙyallen da muke ɗaura wa dabbar da aka keɓe wa dutsen da muke girmamawa, wadda ba a hawa, ba a yankawa.

Ya buɗe hularsa yana nuna wa Gantulga mai maganin dabbobi furen nan na kan dutse, mai launin shunayya da kwanso kamar na wake. Dabbar da ta saba cinsa, kamar goɗiyar nan, ba ta ƙara kallon wata ciyawa, har ya kashe ta.

"Ɗana, ko allura ɗaya?"

"Baba, wannan tata ta ƙare. Kwance ƙyallen ka kai wa mahauta tun da sauran nama."

Ji min rashin imani! Ina jin marigayiyar matarsa ce ta ɗaura shi, don sai shafa ƙullin yake yi, ya kasa kwancewa.

Ya ja igiya, goɗiya ta ƙi motsi. Ya miƙa mata hatsi, ta kau da kai. Sai ya ɗebo furen ya kai gaban hancinta. Nan take ta biyo shi. Ga su can sun ba mahauta baya sun nufi dutse, yana jan ta gida da abin da ke kashe ta.