Sandar Gorar Baba

Mahaifina masunci ne, amma Allah ya ajiye shi a Makka, garin da ko rafi babu. A hanyarsu ta zuwa hajji a ƙafa ya yi shekaru yana yi wa wani Bature aiki, a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi. Can ya koyi wata irin fatsa: a ɗaura gashin tsuntsu jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta saman ruwa, babban kifi mai ɗigo-ɗigo ya taso ya cafke. Da za su rabu, Baturen ya bar masa sandar fatsar, ta gora ce siririya, gaɓa uku ake haɗawa.

A gidanmu na unguwar Nakkasa yakan ajiye wata tasa a tsakar gida ya yi ta wurga ƙugiyar ciki. Gashin tattabarun Harami yake ɗaurawa, wanda ya faɗo da kansa, don ba a taɓa su. Maƙwabta suna dariya, ni kuma haushi ya ishe ni. Ina wanki yana karanta mini dokokinsa: ba a ɗaga murya a bakin ruwa, ba a bari inuwa ta faɗa ciki, kifi ba ya ganin ƙwaro a ruwan laka.

Lokacin da nake da 'ya'ya biyu, tsufa ya fara taɓa masa hankali. Wata rana da hantsi hadari ya haɗu, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutanen Makka sun san abin da ke biyo baya. Sail suke ce masa, ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu ta kwashe raƙumi da kayansa. Kowa sama yake gudu. Na leƙa ɗakin Baba, ba shi, ba sandar.

Na fita ko takalmi babu. Wata maƙwabciya ta kama hannuna.

"Ya binti, fen? Ina za ki cikin wannan?"

"Inna, kin ga Baba?"

"Ya gangara wadi, can kwari, na yi ta kira bai waiwayo ba."

A bakin kwarin na hango shi tsaye kan wani dutse, jan ruwa yana dukan idon sawunsa, yana wurga zare hankali kwance. Shi a ganinsa kogi ne, ya kuma san kogi. Bai san wannan yakan ƙaru kamu guda kafin mutum ya juya ba. Ihu ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye. In ya firgita ya zame, shi ke nan.

Na lallaɓa ta bayansa kamar yadda ya koya mini. Wata ƙofar gida ta wuce mu a kan ruwa. Na yi ƙasa da murya.

"Baba, ruwan ya yi laka. Ba za su ga ƙwaron ba."

Ya daɗe yana kallon ruwan, ni ina kallon yadda yake hawa ƙwaurinsa.

"Gaskiyarki, uwata," ya ce. "Mu bari ya kwanta, gobe sai mu dawo."

Ya naɗe zarensa a tsanake, ni kuwa ji nake kamar in fizge shi. Muna hawowa na waiwaya, dutsen ya nutse.

Washegari ya tasa ni muka koma. Babu komai sai taɓo da mushen akuya. Ya raba sandar gaɓa uku ya miƙo mini. Na kai ta ƙarƙashin gadona, kullum ina shirya ƙaryar da zan yi masa in hadari ya sake haɗuwa. An yi ruwa sau biyu kafin ya rasu. Yana zaune bakin ƙofa yana kallo, bai tambaye ni sandar ba, kuma wannan ya fi sail ɗin ba ni tsoro.